ZOBBAN FISTON DA MASHIN NIƘA NA GARI

Jawabin kwamitin mashin a gaban taron ƙungiya, kashegarin sallar layya

Maigari, liman, iyayenmu dattawa, iyayenmu mata da ke zaune can wajen zana, yayyenmu da ƙannenmu da sunka zo daga bida, muna gaishe ku da hanya, muna yi maku barka da salla. Waɗanda ba su samu zuwa ba, na Kano da Ikko da Kwatano da Abijan da Agadas, wagga takarda za ta ishe su inda suke, kuma saboda su ne munka rubuta maganar kamin mu faɗe ta.

Taron da ya wuce ya ɗora mana aiki guda. An ce mu binciko dalilin da ya sa mashin niƙa na gari, wanda kunka saya da guminku, ya kwanta har sau biyu bayan an buɗe shi an gyara. Mun san abin da ake faɗi a ƙofar masallaci. Wasu sun ce kayan Sin ne, ba su da ƙarko. Wasu sun ce yaron da ke tsaron mashin yana ɗibar baƙin mai yana sayarwa. Wasu sun ce a sayar da ƙarfen a kilo kowa ya huta. Ga iyayenmu mata sun koma ga turmi da dutsin niƙa, wadda ba ta iyawa kuma sai ta aza wa ɗiyarta hatsi a kai zuwa garin maƙwabta, mu kuwa a lakwal muna ganin gurbin yarinyar a benci. Yau za a roƙe ku karo-karo na uku. Ba daidai ba ne a roƙi mutum kuɗɗi sau uku ba a gaya mashi abin da ya cinye na farko da na biyu ba.

Mu ba makanisiyan ba ne, alli munka sani da allo. Abin da munka yi shi ne, da hutun lakwal ya zo, munka sa fiston da shamis da tsofaffin zobba cikin buhu munka kai Maraɗi wurin wani dattijon makanisiyan da ya tsufa a kan irin waɗanga injuna. Kwana uku munka yi muna zaune a gefensa muna tambaya kamar ƴan aji ɗaya. Sa'annan munka karanta ɗan littafin da ya zo da mashin. Littafin yana cikin akwatin ma'aji tun ranar da anka sauke mashin daga mota, ledarsa ma ba a yage ba. Ba mu faɗi haka don mu kunyata kowa ba, mu ma muna cikin kwamiti tun lokacin, kuma mu ne anka sa lakwal don mu iya karatu.

To abin da ya kashe mashin ƙaramin abu ne, kuɗɗinsa bai kai na tunkiya guda ba. Zobba ne na ƙarfe da ake sa wa fiston, waɗanda makanisiyan namu ke ce ma sagama, ƴan'uwanmu na Najeriya kuma suna ce masu ringi.

Kowa ya san famfon keke. In fatar da ke cikinsa ta bushe, ka yi ta bugawa har ka gaji, iska tana zurarewa ta baya, taya ba ta tashi. Injin gazuwal haka yake. Ba shi da buji kamar babur. Fiston yana matse iska a cikin shamis, wato bututun ƙarfen da yake kai da kawowa a ciki, har iskar ta koma wuri ƙarami ƙwarai, kamar kashi ɗaya cikin ashirin na inda take da fari. Matsin nan yana sa ta yi zafi fiye da digiri 500, sai a fesa gazuwal ya kama da kansa. In iska ta samu hanyar zurarewa, zafi bai cika ba, wuta ba ta kamawa da kyau. Shi ya sa da ɗari kuke ganin samari uku suna karɓa-karɓa a kan hannun tadawa, gumi yana zuba, mashin yana tari ya ƙi tashi.

Fiston kuwa ba a yin shi daidai cif da shamis, domin da sanholo ake yin shi, kuma sanholo ya fi baƙin ƙarfe kumbura in ya ji wuta. Dole a bar mashi ɗan sarari, zobba su ne ke toshe sararin. Dabarar ta daɗe. Masu injin tururi na farko da igiyar rama suke naɗe fiston, har wani injiniyan jirgin ƙasa a Ingila, John Ramsbottom, ya fito da zoben ƙarfe mai tsaga a shekarar 1852, wanda ke buɗewa da ƙarfin kansa ya manne da bango. Har yau shi ne a cikin motar haya da babur da motoponpu na masu lambu da mashin namu.

Mashin namu sunansa S195, yana rubuce a kan ɗan allon ƙarfe da ke jikinsa. Sunan lissafi ne: 1 na nufin tukunya guda, 95 kuma faɗin shamis ne, milimetir 95. Ƙarfinsa doki 12, yana juyawa sau 2000 a minti. Ku ninka da 60, sau 120.000 ke nan a awa guda zobban nan suke zuwa su dawo a jikin ƙarfe, ga wuta a kansu, ba abin da ya raba su da bango sai ɗan shafin mai da bai kai kaurin gashi ba. Su ne kuma hanyar da mafi yawan zafin fiston ke bi ya shiga shamis, ruwa ya ɗauke shi.

In an zuba zobban a tabarma, ido zai ce duka ɗaya ne. Nan ne munka fara faɗuwa. Fiston namu yana da gurbi huɗu, wasu injuna uku gare su, wasu biyar, kuma kowane gurbi da nasa zobe.

Na farko, wanda ke kusa da kan fiston, shi ne zoben wuta. Gefensa na waje yakan yi fari yana ƙyalli, domin an shafa mashi wani ƙarfe mai tauri da ake kira kurom, don ya jure zafi da ƙura. In anka sa baƙi a gurbinsa, baƙin ba ya daɗewa.

Na biyu da na uku baƙaƙe ne, ba su ƙyalli. Suna tare iskar da ta kuɓuce ma na farko, suna kuma share mai daga bango. Waɗanga su ne masu sama da ƙasa, kuma a kansu muke so ku ba mu kunne. Gefensu na waje ba a miƙe yake ba, an ɗan karkata shi kaɗan, ido ba ya gani sai an jingina shi da ekyar ta ƴan lakwal an duba ta wajen haske. Iyayenmu mata sun san mara. In an riƙe ta daidai tana kwashe tuwo daga jikin tukunya tas, in an juya bayanta sai ta bi ta kansa ta wuce. Zoben nan in ya zauna daidai, lokacin da fiston ke tafiya wajen wuta yana bi ta kan mai ya wuce, lokacin da yake dawowa sai kaifinsa ya sharo man ya maido shi kartar. In anka kifa shi, aikin ya juye: kowane zuwa sai ya tura mai cikin wuta. Sau 120.000 a awa.

Saboda haka masu ƙera shi suke sa alama a fuska guda, kusa da bakin zobe. Wani an rubuta TOP da Ingilishi, wani HAUT da Faransanci, wani harafi guda ne ko ɗigo kamar an taɓa da tsinin ƙusa. Alamar nan kan fiston take kallo, wajen kilas, inda wuta take. Mun nanata wanga domin mashin namu a kwance yake, fiston nasa ba sama da ƙasa yake tafiya ba, gaba da baya yake yi. Wanda ya ji an ce “sama” kada ya dubi rufin ɗaki. In zobe yana da ƴar matakala a gefensa na waje, matakalar tana kallon wajen kartar. In babu alama ko ɗaya, a duba takardar da ke cikin kwali, kada a yi ka-cici-ka-cici.

Na ƙarshe shi ne zoben mai. Ba ya ɓata ma kowa, yana da ramuka ko tsagogi kewaye da shi inda man da ya sharo ke bi ya koma ciki. A injin gazuwal sau da yawa akwai siririyar waya a murɗe a bayansa mai tura shi ga bango, kuma mahaɗin wayar ana aje shi ɗaya gefen, nesa da bakin zobe. A injunan isansi da yawa zoben mai kashi uku ne, sirara biyu da mai lanƙwasa a tsakiya. Bakin na tsakiyar haɗuwa yake yi kai da kai, in ɗaya ya hau kan ɗaya zoben ya tashi daga aiki.

Yanzu ga abin da dattijon nan ya karanta a jikin kayanmu, kamar yadda mafarauci ke karanta sawu.

Gyaran farko, zobba kaɗai munka saya. Munka aika ma wani ɗan'uwa tsohon zobe a ambulan, ya shiga kasuwa ya aza shi a kan sabo, ya ga sun yi daidai, ya biya. Bai yi laifi ba, abin da munka ce ya yi ke nan. Amma shamis ɗin ya riga ya cinye. Dattijo ya kama yatsanmu ya sa a bakin shamis ta ciki, munka ji ɗan tudu kamar kunyar gona. Wurin nan ne zoben wuta ke tsayawa ya juya, shekara da shekaru yana cin ƙarfe, ya bar gaɓa a inda bai kai ba. Tsohon zobe ya saba da gaɓar, gefensa ya lallashe tare da ita. Sabo kuwa da kaifinsa ya zo, kowane zuwa sai ya daki tudun, har ya karye gida uku. Guntayen sunka ci gurbinsu, sunka karce bango. Ƙarar da kunka riƙa ji kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa ita ce wannan. Ko da bai karye ba, shamis da ya cinye ba ya zama da'ira sosai, ya koma kamar ƙwai, kuma zobe mai da'ira ba ya toshe ramin ƙwai.

Gyara na biyu, mun yi hankali mun sayi shamis da fiston da zobba gaba ɗaya. Kaya masu kyau ne, dattijo ya duba ya ce ba su da aibi. Amma da ya goge baƙin da ke jikin zobe na biyu da na uku ya miƙo mana, sai ga alamar tana kallon kartar a dukansu biyu. A kife anka sa su. Kun tuna yadda anka yi aikin nan. Azumi ya matso, munka ɗauko mai gyara daga wata kasuwa da la'asar, munka ce lalle mashin ya tashi kamin safe. Da fitilar hannu ya yi aikin, a ƙasa, kuma zobban sun riga sun fita daga takardarsu sun gauraye, domin kowa ya ɗauka ya duba ya aje. Wanda bai ga alama ba, in zobba biyu ne, sau ɗaya cikin huɗu kaɗai zai dace duka biyu su zauna daidai. Wanga lissafi ƴan ajinmu na shida suna iya yin shi.

Daga ranar nan mashin ya shiga shan mai. Hayaƙinsa ya koma shuɗi, bakin bututun hayaƙi ya riƙa ɗigar da baƙin ruwa mai maiƙo. Man da ya ƙone ya zama gawayi, gawayin ya cika gurabe ya riƙe zobba gam, sunka daina buɗewa, matsi ya tafi. Man da anka riƙa nema a hannun yaron nan, ta bututun hayaƙi ya fita, a gaban idon kowa. Yaron ya faɗa mana tun sati na biyu cewa mai yana raguwa, munka ce ya rufe bakinsa. Yana nan zaune a bayan taro, mahaifinsa ma yana nan. Kwamiti yana roƙonsu gafara a gaban jama'a, kuma muna so a rubuta haka a cikin kayen ƙungiya.

Akwai abu na uku da bai same mu ba tukuna, amma saura kaɗan. Kowane zobe yana da tsaga, ita ce bakinsa. Jama'a da yawa suna tsammani in bakin ya rufe ruf shi ne aiki ya yi kyau, tunda iska ba za ta wuce ba. To ku bi mu da wanga lissafi. Kewayen zobe namu shi ne 95 sau 3,14, wato wajen milimetir 298. Baƙin ƙarfe mai tsawon metir guda, in zafinsa ya ƙaru da digiri 100, yana ƙaruwa da milimetir 1 da ɗan kai. Zobe ya fi shamis zafi, domin shamis yana cikin ruwa. In ya fi shi da digiri 100, tsawonsa zai ƙaru da kamar kashi ɗaya cikin uku na milimetir. Ina ƙarin nan za shi? In an bar mashi baki, sai bakin ya matso. In ba a bari ba, kai ya daki kai, zoben ya turje ga bango, ya karce shamis ko ya karye, wani lokaci fiston ya kafe gaba ɗaya. Ƙa'idar da makanisiyan ke riƙewa a ka ita ce kamar 0,10 a kan kowane milimetir 25 na faɗi, wato namu yana neman wajen 0,40. Ƙaramin motoponpu irin Honda GX160, mai faɗin 68, nasa tsakanin 0,20 da 0,40 yake. Amma lambar da ke cikin littafin kowane inji ita ce gaba da ta kai.

Auna shi ba wuya. Ana sa zobe shi kaɗai cikin shamis, a tura shi da kan fiston don ya zauna a miƙe, in tsohon shamis ne a kai shi can ciki inda bai cinye ba. Sa'annan a sa kal a bakin. Kal wasu siraran ƙarafa ne a haɗe kamar wuƙar aljihu mai ruwa da yawa, kowane da lambar kaurinsa. Wanda ya shiga da ɗan ja, shi ne faɗin bakin. Mun sayi sabon kwalin zobba a Maraɗi da kuɗɗin da ya rage a akwati, dattijo ya auna su ɗaya ɗaya a sabon shamis a gabanmu. Uku sun yi daidai. Guda ya matse, kal na 0,15 ma da ƙyar ya shiga. Sai ya ɗaure ƴar zarto mai laushi, ya goga bakin a hankali, daga waje zuwa ciki don kada farin ya ɓalle, yana gogawa yana aunawa har ya kai. Da ba a auna ba, da shi ne karo-karo na huɗu. Kwamiti ya sayi kal guda, yana hannun ma'aji tare da littafi.

Ku da ke da motoponpu ko babur, akwai ƙarin magana. Irin waɗanga injuna da yawa ba a fidda shamis nasu, faɗaɗa ramin ake yi a sa fiston mafi girma. Ku goge kan fiston ku duba. STD na nufin girman asali. In kun ga 0,25 ko 0,50, an taɓa faɗaɗawa, kuma zobban dole su zo da wannan lamba. Kayan da anka auna da inci suna zuwa da 010 ko 020, kuma 020 shi ne kusan 0,50. Kada mai shago ya ce maku babba ya fi toshewa. Zoben 0,50 ya fi na asali tsawo da milimetir ɗaya da rabi, ko an goge shi ya shiga ba zai kwanta da bango daidai ba. Masu babur mai cin mai a gauraye da isansi kuma, ku lura da ɗan ƙusa da ke cikin kowane gurbi. Bakin zobe a kansa yake zama. In bai hau ba kunka tura da ƙarfi, ƙas za ku ji.

Ranar ɗaurawa muna so dattawa biyu su zauna a wurin, ko ba su taɓa riƙe kile ba, domin abin da za a duba ido ne ke duba shi. A shimfiɗa tabarma mai tsabta a ɗakin da iska ba ta shigo da rairai. A wanke shamis da ruwan zafi da sabulu, a goga da farin ƙyalle har ƙyallen ya fito fari, a shanya, a shafa mai nan take. In tsohon fiston za a maida, a kankare gawayin gurabe da guntun tsohon zobe, a huda ƴan ramukan da ke bayan zoben mai da sunka toshe, a kuma gwada zobe a gurbinsa da kal, domin gurbin da ya buɗe har zobe yana rawa a ciki shi ma famfon mai ne. Namu sabo ne, wannan bai shafe mu ba bana.

Zoben mai ake fara sawa, a ƙare da na wuta. Ƙarfen nan ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi kamar ƙashin kaza, saboda haka a buɗe shi daidai yadda zai wuce kan fiston, kada a ƙara, kada kuma a murɗa shi kamar ana sa awarwaro. Kamin kowane ya shiga, mai gyara ya nuna ma dattawa alamar, su gani da idonsu tana kallon kai. Bayan sun shiga, kowane ya juya a gurbinsa ba tare da ya kama ba. Sai a rarraba bakunan. In zobba uku ne a dubi agogo, ɗaya a 12, ɗaya a 4, ɗaya a 8. Namu huɗu, kowane baki a nisanta shi da na maƙwabcinsa, kada ko ɗaya ya zauna saitin ramin da ƙarfen biyel ke ratsa fiston. A nan za mu yi ma masu gyara adalci: zobba suna juyawa da kansu in inji yana aiki, don haka wanda ya buɗe inji bayan shekara ya tarar bakuna biyu sun haɗu, kada ya ce mai gyara ne bai iya ba.

Sa'annan a jiƙa su da baƙin mai, a ɗaure su da abin matse zobba, wani ɗamarar ƙarfe ne da dattijo zai zo da shi, a tura fiston da ƙotar guduma ta icce, a hankali. In ya tsaya, a tsaya. Zobe ne ya leƙo, a fiddo a sake ɗaurewa. Mun ji ana cusa su da tsinin turnubis ɗaya bayan ɗaya, wasu ma sun gwanance a haka, amma ba a mashin na jama'a ba.

Muna roƙon wanda duk zai kira mai gyara nan gaba, kada ya ce “zobba ne” tun ba a saurara ba. Hayaƙi shuɗi mai ne ke ƙonewa. Baƙi gazuwal ne ya yi yawa ko iska ta kasa. Fari ruwa ne ya shiga, ko gazuwal ne bai kama ba. A juya inji da hannu a hankali har ya yi tauri, a sa kunne. In huci ta bututun hayaƙi yake fita ko ta mashigar iska, supap ne, ba ruwan zobba. In ta wurin zuba mai yake fita, to su ne.

Saura tambayar da wani dattijo ya yi mana jiya a ƙofar gida, kuma ita ce ta fi duka: shin me ya cinye shamis na asali tun farko, mashin da bai tsufa ba? Ƙura ce. Rairai ya fi baƙin ƙarfe tauri, da shi ake wasa wuƙa. Mashin namu yana shaƙar iska a ɗaki guda da garin hatsi, ga hazo da iskar hunturu wata uku ko huɗu a shekara. A mashigar iskarsa akwai ƴar tukunya da ake zuba mai a ƙasanta don ƙura ta maƙale. Da munka buɗe ta, a bushe take, laka ta daskare a ciki kamar gindin randa. Ba wanda ya taɓa gaya ma yaron ana zuba mata mai. Yana cikin littafi, a shafin da ba mu buɗe ba. In ba a gyara wanga ba, zobban da munka auna da kal su ma ƙura za ta cinye su kamin damina biyu. Shawarar kwamiti ita ce a ja bango na tubali tsakanin inji da wurin niƙa, a bar ramin bel kaɗai, a kuma wanke tukunyar nan a sake mata mai kowane sati, da hunturu kuwa kowane kwana biyu. Bangon aikin gayya ne na yini guda, ba ya cikin kuɗɗin da ake roƙonku.

Ku da ke waje, in an aiko maku sayen kaya daga yau, za a aiko da hoton allon da ke jikin inji ta waya, da lambar da ke kan fiston, da yawan gurabe. Ku sayi kwali a rufe. Zobba suna zuwa a naɗe cikin takarda mai maiƙo, sau da yawa da lamba 1, 2, 3 a kan kowane aljihu. Kada ku buɗe, kada ku bari a buɗe a tasha don a gani, kada a sa kwalin ƙarƙashin buhu. Ya iso hannun ma'aji yadda ya fito shago.

Iyayenmu mata, ku ne za mu roƙa haƙuri na ƙarshe. Sabon zobe da sabon shamis sai sun goge juna kamin su saba. Ranar da mashin ya tashi za ku ji ƙararsa, kuma mun san kwanuka za su yi layi har bakin rijiya. Satin farko rabin aiki za a ba shi, gero da dawa kaɗai, ba masara, kuma ba za a bar shi yana ta juyawa a banza ba, domin hakan ma yana hana zobba zama. Ƙarshen satin za a zubar da man duka a sa sabo, ko da ya yi kama da mai kyau, saboda garin ƙarfen da ke cikinsa. Kuɗɗin man nan na biyu yana cikin lissafi, kada wani ya gan shi ya ce an rubuta mai sau biyu bisa kuskure.

Lissafin duka yana shafi na ƙarshe na wanga bugu: sabon shamis da fiston da zobba da kal waɗanda an riga an biya, sai juwan na kilas, da mai, da kuɗɗin motar dattijo zuwa da komawa, da ladan aikinsa, waɗanda su ne ba a biya ba. Ya yarda zai zo ranar Laraba ta sama, da safe, ya kwana biyu. Ya kuma yarda yaronmu ya tsaya a gefensa ya riƙe kal da hannunsa. Muna so taro ya ba mu sunan dattawa biyu da za su zauna, da ranar gayyar bango, wadda dole ta riga Laraba. Maigari, magana tana hannunku.